Yadda za ka zaɓi kwamfutocin da za su iya buga takarda a firintarka

Lokacin rajistar JAMB da ya wuce, wani yayana mai shagon kwamfuta a garin Goronyo ya kira ni da sassafe, murya cike da ɓacin rai. Ya ce rim ɗin takarda da ya buɗe jiya da hantsi ya kusa ƙarewa, amma kuɗin da ke cikin aljihun tebur bai kai na rabin rim ba. Rim guda takarda 500 ne. Zarginsa ya riga ya faɗa kan yaron shagonsa, har ya fara maganar sallamarsa. Na ce masa, "Yaya, ka dakata, kada ka yanke hukunci sai na zo na duba kwamfutar."

Da na isa, abin da na gani ba ya da alaƙa da yaron. Firintar tana haɗe da wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu wadda ni na saita masa ita, kuma ni da hannuna na buɗe ta ga duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗin shagon. Shi kuma yayan nawa, saboda zaman mutunci, ya ba mai POS na kusa da shi kalmar sirrin Wi-Fi, ya ba mai cajin waya, su ma suka ba nasu. Rajistar kwamfutar ta nuna ayyuka masu yawa sun shigo daga adireshin da ba na kowace kwamfutar shagon ba. Wani yana turo aiki daga waje, ya kutsa cikin cunkoson ɗalibai ya kwashi takardunsa ya tafi. Kuskuren nawa ne, sai dai saura ƙiris yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa abincinsa.

Firinta ba ta tambayar mutum ko shi wane ne. Duk abin da ya iso gare ta, bugawa take yi. Saboda haka aikin tantancewa yana wuyan kwamfutar da ke gabanta, da kuma kai da ka saita ta. A wannan rubutun zan nuna yadda ake yin wannan tantancewa a Linux da Windows, da kuma ƙofofin baya da mutane ke mantawa da su a buɗe.

Yadda aiki ke tafiya daga kwamfuta zuwa takarda

A shagunan kwamfuta da ƙananan ofisoshi na Wurno da Rabah da Goronyo, tsarin kusan iri ɗaya ne. Akwai rauta ta 4G mai ɗauke da layin waya, akwai kwamfutoci uku ko huɗu, sai firinta ɗaya da kowa ke amfani da ita. Kwamfutar da aka jona wa firintar, wadda sauran ke turo mata aiki, ita ce uwar garke, wato saba. Ba sai babbar na'ura ba. Tsohuwar laptop ma tana iya wannan aiki.

Kowace na'ura da ta hau rautar tana samun lamba da ake kira adireshin IP, misali 192.168.0.20. Ita kuma sabar tana da ƙofofi masu lamba da take sauraron baƙi ta cikinsu. Ƙofofi huɗu ne suka shafi buga takarda. Ƙofa ta 631 ita ce ta IPP, wadda Linux da macOS da wayoyi ke bi. Ƙofa ta 445 ita ce ta SMB, wadda Windows ke raba fayil da firinta ta cikinta. Ƙofa ta 515 ta tsohon tsarin LPD ce. Ƙofa ta 9100 kuma a jikin firintar take, kuma ita ce mafi sakaci, domin duk rubutun da aka zuba mata kai tsaye takarda yake zama.

Wannan matsala ta tantance baƙi tsohuwa ce. A tsofaffin kwamfutocin Unix na BSD akwai fayil mai suna /etc/hosts.lpd. Mai kula da sabar zai jera sunayen kwamfutocin da ya yarda da su, layi bayan layi, wadda ba ta cikin jerin kuma a mayar da ita. Yau manhajar ta canza, amma dabarar tana nan: ka rufe wa kowa, sannan ka buɗe wa waɗanda ka sani.

Manhajar da ke wannan aiki yanzu a Linux ita ce CUPS. Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, kuma yanzu ƙungiyar OpenPrinting ce ke kula da sigar da Linux ke amfani da ita. Idan kana da Ubuntu ko Linux Mint ko Debian mai fuskar tebur, tana cikin kwamfutarka tun daga farko.

Mataki na farko: kowace kwamfuta ta samu adireshi tsayayye

Kafin ka taɓa CUPS, ka fara da rauta. Yawancin rautoci suna raba adireshi da kansu ta tsarin DHCP, kuma ba dole ne kwamfuta ta sake samun lambar da ta samu jiya ba. A inda wuta ba ta ɗaukewa, wannan ba ya cika damun kowa. A wurinmu kuwa, inda ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta zuwa sola sau da dama a yini, rauta tana mutuwa tana tashi, adireshi yana iya rikicewa. Idan ka rubuta cewa 192.168.0.101 ce kaɗai za ta buga, gobe wayar mai cajin waya tana iya wayar gari da wannan lambar, kwamfutarka kuma ta koma bare.

Ka shiga shafin rautarka ta burauza. Adireshin shafin yana rubuce a jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Ka nemi sashen DHCP, ka taƙaita lambobin da take rabawa, misali daga 100 zuwa 200. Lambobin da ke ƙasa da 100 sun zama naka, ka raba su da hannu. A misalin da zan bi har ƙarshe, sabar ita ce 192.168.0.10, kwamfutocin aiki guda uku kuma 192.168.0.21 da 192.168.0.22 da 192.168.0.23.

Hanya biyu ce ta tsayar da adireshi. Ko dai ka rubuta shi a saitin kowace kwamfuta, ko ka sa rauta ta riƙa ware wa kowace na'ura lambarta bisa lambar katinta da ake kira MAC. Idan rautarka tana da wannan zaɓi na biyu, ya fi sauƙin kulawa, tunda komai yana shafi ɗaya. Abin lura game da wayoyi: tun daga Android 10 da iOS 14, waya tana ƙirƙirar MAC na bogi ga kowane Wi-Fi da ta hau. Idan kana son wayarka ta shiga jerin, ka kashe wannan zaɓi ga Wi-Fi ɗin shagonka kaɗai.

Mataki na biyu: gyara fayil ɗin CUPS

Duk dokokin CUPS suna cikin fayil ɗaya, /etc/cups/cupsd.conf. Ka fara ajiye kwafinsa, domin idan ka ɓata ka samu inda za ka koma:

sudo cp /etc/cups/cupsd.conf /etc/cups/cupsd.conf.tsoho

Sannan ka buɗe shi:

sudo nano /etc/cups/cupsd.conf

A sabuwar kwamfuta za ka ga layin Listen localhost:631. Ma'anarsa sabar ba ta sauraron kowa sai kanta. Domin sauran kwamfutoci su iya isowa, ka share wannan layin ka rubuta Port 631 a madadinsa. Layin da ke ambaton cups.sock ka bar shi yadda yake. Wasu suna rubuta adireshin sabar kai tsaye a layin Listen, amma na ga hakan yana kawo matsala bayan ɗaukewar wuta: idan kwamfutar ta riga rauta tashi, CUPS za ta nemi adireshin ta rasa, firinta ta ƙi amsawa har sai an sake kunna manhajar.

Yanzu ka gangara zuwa sashen da ya fara da Location da alamar karkatacciyar sanda. Ka mayar da shi haka:

<Location />
  Order allow,deny
  Allow from 192.168.0.21
  Allow from 192.168.0.22
  Allow from 192.168.0.23
</Location>

Layin Order shi ne zuciyar lamarin, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Order allow,deny yana nufin a hana kowa, sai wanda aka ambata a layin Allow. Order deny,allow yana nufin akasin haka: a bar kowa, sai wanda aka ambata a layin Deny. Kalmomi biyu ne kawai aka sauya wa wuri, amma ɗaya ƙofa ce a kulle, ɗaya a wangale. Mai shago na farkon yake buƙata, domin ba zai taɓa sanin adireshin duk baƙon da zai zo gobe ba, balle ya hana shi. Sabar kanta koyaushe tana da izini, ba sai ka rubuta ta ba.

Idan ka tarar da Allow @LOCAL a wurin, to shi ne abin da ya jefa shagon yayana cikin asara. Ma'anarsa duk na'urar da ke kan rauta ɗaya da sabar. Shi umarnin cupsctl --share-printers yake rubutawa, haka ma idan ka danna zaɓin raba firinta a shafin saiti. A gidan da kai da iyalinka kaɗai ke da kalmar sirri, ba laifi. A shagon da rabin layi ke hawa Wi-Fi ɗinsa, daidai yake da barin ƙofa a buɗe. Wanda ya fi shi muni shi ne Allow all, wanda zaɓin --remote-any ke kawowa. Idan ka gan shi, ka share shi nan take.

Akwai kuma sashen Location /admin, inda ake ƙara firinta ko cire ta. Kada ka sa masa layin Allow ko ɗaya, ta yadda sai wanda ke zaune gaban sabar ne zai iya taɓa shi. A CUPS, sashe na ciki ba ya gadon dokar sashe na waje, kowanne da tasa dokar yake aiki. Don haka ka karanta kowane sashe daban.

Idan ka gama, ka sa CUPS ta duba fayil ɗin kafin ka sake kunna ta:

sudo cupsd -t
sudo systemctl restart cups

Umarni na farko zai faɗa maka idan akwai kuskuren rubutu da layin da yake. Sai ka tabbatar firintar tana cikin waɗanda aka raba. A ce sunanta Baki:

sudo lpadmin -p Baki -o printer-is-shared=true

A kwamfutocin aiki, ka ƙara firintar da cikakken adireshinta, kada ka jira su gano ta da kansu. A Linux ka rubuta ipp://192.168.0.10:631/printers/Baki, a Windows kuma http://192.168.0.10:631/printers/Baki. Dalili shi ne, idan kwamfuta ta gano firinta da kanta, wani lokaci takan bi ta adireshin IPv6, wanda ba ya cikin jerinka, sai sabar ta kore ta kai kuma ka rasa dalili.

Gargaɗi ɗaya: bayan ka gyara fayil da hannu, ka guji danna zaɓin raba firinta a shafin saiti ko amfani da cupsctl wajen sauya shi. Suna sake rubuta waɗannan sassan, kuma suna iya dawo da @LOCAL ba tare da ka lura ba.

Idan firinta biyu ce, kowacce da dokarta

Shaguna da yawa suna da firinta baƙa ta aikin yau da kullum, da mai kala ta hoton fasfo da katin gayyata. Tawadar mai kala ta fi tsada, kuma ba kowane yaro ake so ya taɓa ta ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a hana raba ta gaba ɗaya, sai daga sabar za a buga:

sudo lpadmin -p Kala -o printer-is-shared=false

Idan kuma kana son kwamfuta ɗaya tak daga cikin ukun ta samu dama, sai ka yi amfani da abin da CUPS ke kira Policy. A ƙasan fayil ɗin za ka ga babban sashe mai suna Policy default. Ka kwafe shi dukansa, ka liƙa a ƙasa, ka sauya sunan zuwa Policy kala. A cikin kwafin, ka nemo sashen da ya shafi turo aiki, ka mayar da shi haka:

<Limit Create-Job Print-Job Print-URI Validate-Job>
  Order allow,deny
  Allow from 192.168.0.21
</Limit>

Bayan ka sake kunna CUPS, ka ɗaura wannan doka a kan firintar:

sudo lpadmin -p Kala -o printer-op-policy=kala

Daga nan kwamfuta ta 22 da ta 23 za su ci gaba da bugawa a Baki, amma Kala za ta mayar musu da aikinsu.

Adireshi ba mutum ba ne

Jerin adireshi yana tantance na'ura, ba ya tantance wanda ke zaune gabanta. Kuma yaro mai wayo da ke kan Wi-Fi ɗinka yana iya jira a kashe kwamfuta ta 23, ya sa wa laptop ɗinsa wannan lambar da hannu, ya shiga. Don haka a ofis ko makaranta, inda takardu ke da nauyi, ana ƙarawa da tantance mutum. CUPS tana da umarnin da ke jera sunayen masu izini:

sudo lpadmin -p Baki -u allow:akawu,shugaba

Sai dai wannan shi kaɗai ba ya tambayar kalmar sirri. Duk sunan da kwamfutar baƙo ta faɗa, shi sabar ke karɓa. Domin a tilasta kalmar sirri, akwai doka da ta zo a shirye cikin fayil ɗin:

sudo lpadmin -p Baki -o printer-op-policy=authenticated

Da wannan, sai mutum yana da asusu a kan sabar, kuma ya shigar da kalmar sirrinsa, kafin aikinsa ya wuce. A shagon da ake gaggawa wannan yana iya zama takura, kuma ba kowace kwamfutar Windows ke tafiya da shi lami lafiya ba, don haka ka gwada kafin ka dogara da shi. A ofishin da ake buga takardun albashi ko tambayoyin jarrabawa kuwa, takurar ta cancanta.

Ana kuma iya sa wa kowane mai amfani iyaka. Wannan umarnin yana ba kowane suna shafi 50 a cikin daƙiƙa 86400, wato kwana ɗaya:

sudo lpadmin -p Baki -o job-quota-period=86400 -o job-page-limit=50

Mataki na uku: katangar tsaro

Dokar CUPS tana aiki ne bayan baƙo ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa an amsa masa. Katangar tsaro, wato fayawol, tana hana shi isa ƙofar tun farko. A Ubuntu da Mint ana amfani da ufw:

sudo ufw default deny incoming
sudo ufw allow from 192.168.0.21 to any port 631 proto tcp
sudo ufw allow from 192.168.0.22 to any port 631 proto tcp
sudo ufw allow from 192.168.0.23 to any port 631 proto tcp
sudo ufw enable

Idan kana shiga sabar daga nesa ta SSH, ka buɗe ƙofa ta 22 kafin layin ƙarshe, kada ka kulle kanka a waje.

Wani zai ce maimaici ne, tunda an riga an rubuta adireshin a CUPS. Abin da ya faru a watan Satumba na 2024 ya amsa wannan. Wani mai binciken tsaro ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya fallasa ramuka a cikin tsarin CUPS, mafi shahara a wani ɓangare mai suna cups-browsed, wanda ke sauraro a ƙofa ta 631 ta hanyar UDP. Maharin zai iya dasa firintar bogi a kwamfutar mutum, idan aka tura mata aiki sai umarninsa ya gudana. Layukan Allow na cikin cupsd.conf ba su shafi wannan ɓangare ba, amma katangar tsaro irin ta sama tana tare saƙon. An fitar da gyara tuni, saboda haka ka sabunta kwamfutarka. Aikin cups-browsed shi ne neman firintocin wasu, kuma saba ba ta buƙatar hakan, don haka ka kashe shi:

sudo systemctl disable --now cups-browsed

Ga masu Windows

Na san mafi yawan shagunanmu Windows suke amfani da ita, kuma dabarar ɗaya ce, wurin dannawa ne ya bambanta. Abubuwa uku za ka duba.

Na farko, a "Advanced sharing settings", ka tabbatar "Password protected sharing" yana kunne. Masu gyara da yawa suna kashe shi domin aiki ya yi sauri, daga nan kowa ya samu shiga. Ka buɗe asusu na musamman a sabar mai kalmar sirri, ka shigar da shi a kwamfutocin aiki kaɗai.

Na biyu, ka shiga "Printer properties", shafin "Security". Za ka tarar rukunin "Everyone" yana da izinin "Print". Ka cire shi, ka sa asusun da ka buɗe.

Na uku, ka buɗe "Windows Defender Firewall with Advanced Security", ka shiga "Inbound Rules", ka nemo dokokin da suka fara da "File and Printer Sharing", musamman "SMB-In" da na "Spooler Service". A shafin "Scope" na kowacce, ƙarƙashin "Remote IP address", za ka ga "Local subnet", wanda shi ne ɗan'uwan @LOCAL. Ka cire shi ka jera adireshin kwamfutocinka.

Windows ma ta ga nata tashin hankalin. A tsakiyar 2021 aka gano ramin da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare a cikin Print Spooler, manhajar da ke jera ayyukan bugawa, wanda ke ba mahari cikakken iko da kwamfuta. Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa a watan Yuli na shekarar. Kwamfutar da ke kan Windows 7, wadda aka daina tallafa wa a Janairun 2020, ko wadda aka kashe wa sabuntawa don tsimin data, bai kamata ta zama saba ba. Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar kwamfuta irin wannan ta fi dacewa a sa mata Linux ta zama sabar firinta.

Ƙofar baya: firintar kanta

Duk abin da muka yi a sama zai tashi a banza idan firintar tana da nata Wi-Fi ko wayar intanet, kuma tana kan rauta ɗaya da baƙi. Baƙo ba ya buƙatar bi ta saba. Wayarsa za ta ga firintar kai tsaye ta tura mata aiki, ko ya zuba mata rubutu ta ƙofa ta 9100.

Duniya ta ga misalin haka. A watan Fabrairu na 2017, wani mai kiran kansa Stackoverflowin ya ce ya sa firintoci kusan 150,000 a ƙasashe daban-daban sun buga saƙon gargaɗi. A ƙarshen 2018, wani mai suna TheHackerGiraffe ya ce ya tura wa firintoci kusan 50,000 saƙon tallata tashar YouTube ta PewDiePie. Ba su fasa wata kalmar sirri ba. Sun nemo firintocin da ƙofofinsu ke buɗe ga intanet, suka tura, takarda ta fito.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka jona firintar da sabar ta wayar USB, ka kashe Wi-Fi ɗinta. Kada ka manta da Wi-Fi Direct, wanda ke sa firinta ta zama ƙaramar rauta da kanta. A firintocin HP da yawa kalmar sirrinsa ta asali ita ce 12345678, kuma yaran yanzu sun san haka. Ka kashe shi ko ka sauya kalmar. Idan dole firintar ta zauna a kan rauta, ka rubuta adireshinta a burauza ka shiga shafinta, ka sa wa shafin kalmar sirri, ka kashe ƙofofin da ba ka amfani da su. Manyan firintocin ofis da dama suna da jerin izini nasu, sai ka sa adireshin sabar kaɗai a ciki.

Game da maƙwabta kuma, ba sai ka ɓata da kowa ba. Rautoci da yawa suna da Wi-Fi na baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin mutum ya ga sauran na'urorin gida. Ka kunna shi, ka ba mai POS da mai caji kalmarsa, ka sauya ta babban Wi-Fi ɗin ka riƙe ta kai kaɗai. Zumunci yana nan, takardarka ma tana nan.

Idan reshe yana wani gari

Wani ya taɓa tambayata yadda zai turo aiki daga reshensa na Rabah ya fito a firintar babban shagonsa na Wurno. Kada ka buɗe ƙofa ta 631 ko 9100 ga intanet ta saitin rauta. Haka waɗancan firintoci dubbai suka shiga hannu. Galibi ma ba zai yi aiki a layin 4G ba, domin kamfanonin waya suna haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce VPN, irin WireGuard ko Tailscale. Tailscale tana ba kowace kwamfuta adireshi tsayayye da ke farawa da 100. Sai ka ƙara adireshin kwamfutar Rabah a layin Allow da kuma cikin ufw, kamar sauran.

Gwaji da rajista

Kada ka yarda aiki ya yi sai ka gwada ta fuska biyu. Ka buga daga kwamfutar da ke cikin jerin, takarda ta fito. Sannan ka ɗauki wayar da ba ta ciki, ka hau Wi-Fi, ka rubuta 192.168.0.10:631 a burauza. Idan katangar tsaro tana aiki, shafin ba zai buɗe ba sam. Idan CUPS ce kaɗai ke tsaro, za ka ga kalmar "Forbidden". Wayar tana iya ci gaba da ganin sunan firintar a jerinta, amma ganin suna daban, samun izinin bugawa daban.

Rajistar tana cikin /var/log/cups. Fayil ɗin access_log yana nuna adireshin duk wanda ya turo aiki da lokacin da ya turo. Shi ne ya wanke yaron shagon yayana. Fayil ɗin page_log yana ƙirga shafuka. Idan ka tarar babu komai cikinsa, ka duba cupsd.conf: idan akwai layin PageLogFormat da babu rubutu a gabansa, ka sa masa alamar # a farko, ka sake kunna CUPS. Da yamma ka gwada adadin shafukan da kuɗin da ke aljihun tebur.

Abu na ƙarshe ya shafi amanar masu zuwa shagonka. CUPS tana ajiye kwafin fayilolin da aka buga na tsawon kwana ɗaya a /var/spool/cups. A shagon da ake buga takardar NIN da BVN da sakamakon WAEC da NECO, wannan sirrin mutane ne, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora alhaki kan masu riƙe irin waɗannan bayanai. Ka ƙara layin PreserveJobFiles No a cikin fayil ɗin, kwafin zai riƙa gogewa da zarar an gama bugawa.

A Goronyo aikin bai ci mana awa biyu ba: mun tsayar da adireshi huɗu, mun cire @LOCAL, mun kunna ufw, mun buɗe wa maƙwabta Wi-Fi na baƙi. Yayana ya kira yaron ya ba shi haƙuri a gabana, ni ma na ba shi, tunda saitina ne ya jawo masa zargi. Idan kana da firinta da aka raba, ka buɗe cupsd.conf ko shafin "Security" yau ɗin nan ka karanta abin da ke ciki, kafin ka zargi wanda ke tsaye kusa da ita. Allah ya sa mu dace.